Abokin Kwano

Duk wanda ya san Mai Aski ya san bakinsa ya fi almakashinsa aiki. Kafin ya gama ɗaura maka zane a wuya ya riga ya faɗa maka wanda ya sayi mota, da wanda ya sayar da tasa a ɓoye, da dalilin da ya sa maƙwabcinka ya daina gaishe ka. Ba mugu ba ne, magana ce kawai ba ta iya kwana a cikinsa. Matarsa takan ce ko barci yake yi leɓensa motsi yake. Shi ya sa ranar da aka ji cewa 'Yan'uwan Fitila sun kira shi Ajin Bene, mutanen layin suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki.

'Yan'uwan Fitila ƙungiya ce ta maza masu ibada. Su ke duba marasa lafiya, su ke ɗaukar gawar wanda ba shi da kowa. Suna da makaranta, da ƙaramin asibiti, da jerin shaguna a bakin titi, kuma shagon Mai Aski ɗaya ne daga cikinsu. A ginin ƙungiyar, zauren ƙasa na kowa ne, a shiga a yi addu'a a fita. Bene kuwa sai wanda aka kira. A can ake horar da waɗanda za su ja ragamar ƙungiya, kuma wanda ya gama yakan sauko da farin ƙyalle a kafaɗa, a daina kiransa da sunan sana'arsa, a koma ce masa Jagora. Mai Aski ya yi shekaru yana aske kawunan jagorori, yana ninke musu ƙyallen nan ya ajiye a gefe kada gashi ya zuba masa. Allah ya sani yana son abin nan, so ba na wasa ba.

Matakalar benen ta katako ce, tana kuka a ƙarƙashin ƙafa. Ɗakin dogo ne, tagoginsa can sama kusa da rufi, ana jin titi amma ba a ganinsa. A tsakiya akwai fitilar ƙarfe da ba a bari ta mutu ko da rana tsaka, shi ya sa kullum ɗakin yake warin mai. A bangon ƙarshe kuma kanta ce doguwa, an jera mata kwanonin cin abinci a kife, wasu sun yi tsatsa, wasu da sauran ƙyallinsu.

Mai koyar da tarihin ajin wani tsoho ne da ake kira Baba Tarihi. Ido ɗaya ya yi masa fari, hannunsa yana ɗan rawa, amma murya tana nan daram. Ba ya zuwa da takarda. Idan zai ba da labarin wani zamani sai ya je kanta ya sauko da kwano, ya hure ƙurarsa, ya ɗora a cinya.

Da mafi tsufan kwanon ya fara. Ya ce wani mai gasa burodi ne ya kafa ƙungiyar, a shekarar da annoba ta shigo gari mutane suka riƙa gudun 'yan'uwansu. Shi da abokansa suka riƙa shiga gidajen da aka guje wa da fitila a hannu. Da Mai Burodi ya tsufa sai ya ga almajiransa sun fara kallon kujerarsa tun yana kanta, har ana 'yar tsama a wurin addu'a. Sai ya sa aka ɗora wannan benen, ya ce babu wanda zai ƙara shugabanci sai an koya masa. Darussan farko ba su da yawa: yadda ake juya marar lafiya a gado, yadda ake shiga gidan makoki, yadda ake ba mutum taimako ba tare da an kunyata shi ba. Daga baya, da ƙungiya ta yi shaguna da makaranta, aka ƙara yadda ake tafiyar da taro da yadda ake magana da hukuma.

Abu guda ne bai taɓa canzawa ba, in ji Baba Tarihi, shi ne kwano. Mai Burodi ya ce jagora mutum ne da ake zuba wa asirin gidaje a kunne, don haka sai an gwada cikinsa tukuna. Ana haɗa ɗalibai biyu-biyu, su ci abinci a kwano ɗaya har ƙarshen horo, kuma kowa ya buɗe wa abokin kwanonsa abin da ya fi nauyi a zuciyarsa. Ranar rantsuwa, a gaban jama'a, a tambayi kowanne ko abokinsa ya faɗa masa wani abu. Amsar da aka gada guda ce: bai faɗa mini komai ba. Ba a ɗaukar wannan a matsayin ƙarya, kalmar amana ake kiranta. Daga kowane kwano mutum ɗaya ake ba ƙyalle, sannan a kife kwanon a kanta.

"A zamanin Mai Burodi ƙuri'a ake yi," in ji tsohon. "Yanzu manya ke haɗawa."

Ya faɗi haka ne yana kallon fitila, kuma babu wanda ya tsaya a kan maganar.

Da aka zo haɗawa sai aka haɗa Mai Aski da Direba, mijin ƙanwarsa. Mai Aski baki har kunne. Ya ce wannan ai banza ta faɗi, mutumin da ya san ko nawa ce lambar takalminsa, wane asiri kuma ya rage masa? Direba shi ke tuƙa farar motar ƙungiya mai ɗaukar marasa lafiya, kuma a gidan ƙungiya yake zaune da iyalinsa. Mutum ne shiru-shiru, irin wanda idan ya ce maka sannu to ya gama hirar ranar. Mai Aski ne ya tsaya masa a wurin neman aure lokacin da dangi suke jan ƙafa, kuma yana alfahari da hakan. Ya ɗan yi mamaki dai da aka kira Direba bene, domin mutumin ko addu'ar rufe taro aka ba shi sai ya yi gumi. Amma ya ce a ransa manya sun fi shi gani.

Makonni suka yi ta tafiya, kwanoni suka yi ta saukowa daga kanta. Wannan na jagoran da ya gina makaranta ne. Wancan na wanda ya buɗe asibiti. Baba Tarihi yakan zayyana aikin kowane jagora dalla-dalla, har da irin tafiyarsa da yadda yake tari. Mai Aski kuwa, da yake ba ya iya ganin rabin labari ya ƙyale, kullum sai ya ɗaga hannu ya tambayi ina ɗayan, wanda suka ci tare.

Amsoshin gajeru ne. Abokin kwanon mai makaranta magini ne, kuma shi aka kama lokacin da katangar makarantar ta faɗo wa yara. Abokin kwanon mai asibiti shi ke tsaron ɗakin magani, ya bar gari da ƙafarsa lokacin da aka gano an raba wa mutane lalataccen magani. Wani kuma an kore shi daga aiki ya ƙare a bakin tasha. Kowane karo tsohon yakan rufe da cewa ƙaddara ce ta faɗa wa mutumin, amma a lura, ko da abin ya fito ba daga bakin jagoran ya fito ba. Ɗalibai su gyaɗa kai. Mai Aski ma ya gyaɗa, duk da cewa wani abu a labaran bai kwanta masa ba, ya rasa ko mene ne.

Bayan darasi akan kawo abinci, kowane kwano ya nemi kusurwarsa. Mai Aski ya juye nasa asirin tun a makon farko: ya taɓa yanke wa wani attajiri gefen kunne ya ce ƙurji ne ya fashe, yana rage shekarunsa idan an tambaye shi, kuma yana jin tsoron matarsa fiye da yadda ake zato. Direba ya yi murmushi, ya ce nasa sai wani lokaci. Abincin ma ba ya ci, sai dai ya tura loma gefen Mai Aski. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ƙanwar ta taɓa yi wa yayanta ƙorafi cewa mijinta ya daina barcin kirki, kuma idan ya dawo aiki sai ya tsaya a bakin famfo yana ta wanke hannu kamar wanda ya taɓa kifi.

Sai da horo ya kusa ƙarewa, wata ranar da ake ruwan sama har ba a jin maganar kusurwar kusa, Direba ya ture kwanon gefe.

"Yaya, ka tuna matar nan mai sharar titi da mota ta kaɗe a bakin gada?"

Yaya kuwa zai manta? Ya ba da labarin nan a shago ya fi a ƙirga, har da kwatanta yadda aka tsinci tsintsiyarta a tsallaken titi. An ce motar ba ta tsaya ba, kuma wani ya ce ya hangi fara ce.

Direba ya ce motar ƙungiya ce. Ɗan Babban Jagora ne ya karɓi makulli a hannunsa da sassafe, ya ce zai ɗauko wani baƙo. Ya dawo da ita gaba a lotse, fitila ɗaya a fashe, shi kuma yana kuka kamar ƙaramin yaro. Babban Jagora da kansa ya sauko gareji, ya dubi motar, ya dubi Direba, ya ce a wanke ta a kai wa mai gyaran jikin mota, wanda shi ma ɗan ƙungiya ne. Direba ya wanke. Ya ce har yau yana ganin launin ruwan da ya bi kwata. 'Ya'yan matar suna nan suna sintiri ofishin 'yan sanda, ya taɓa wuce babbar a hanya tana riƙe da hoton uwarta.

"Na gwada faɗa, harshena ya ƙi," in ji shi. "Kai ne mai baki, Yaya. Ranar rantsuwa zaure zai cika, har da baƙi na waje. Idan an tambaye ka, ka faɗa. A gaban mutane masu yawa haka ba za su iya rufe shi ba."

Mai Aski dai ya gyaɗa kai, Direba kuma ya ɗauki wannan a matsayin alkawari.

Daga ranar shagon ya yi tsit. Masu zuwa aski suka fara tambaya ko ba shi da lafiya. Wani ya ce gaskiya a rage masa kuɗi tunda an cire labarai. Mai Aski ya yi yaƙe, ya ci gaba da aikinsa. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa sani ba, kuma kowace farar mota ta wuce sai gabansa ya faɗi.

Babban Jagora yakan zo gyaran fuska duk mako. Mutum ne mai jiki, mai taushin murya, wanda ya san sunan ɗan kowa. Ya zauna, ya miƙa ƙyallensa aka ninke, ya tambayi lafiyar iyali da yadda yara suke a makarantar ƙungiya. Ya ce an yi maganar gyara rufin shagunan nan, kuma za a fara da na Mai Aski. Da aka shafa masa kumfa sai ya lumshe ido ya ce ya lura bakin Mai Aski ya yi sanyi kwanan nan, kuma alama ce mai kyau, horo yana shiga jiki. Ya kwantar da kai, ya ba reza maƙogwaronsa hankali kwance.

Mai Aski ya rasa wanda zai yi shawara da shi, tunda duk wanda ya sani ɗan ƙungiya ne ko matar ɗan ƙungiya. Wata yamma bayan darasi ya yi jinkirin sauka, ya tsaya yana taya Baba Tarihi mayar da kwano. Ya tambaye shi, kamar da wasa, ko a tarihin ajin an taɓa samun wanda ya buɗe baki ranar rantsuwa.

Tsohon ya ce an taɓa, sau ɗaya. Ba a ajiye kwanonsu ba. Mutumin ya faɗi abin da abokinsa ya faɗa masa, kafin a tashi taro an tafi da abokin, domin a cikin labarin akwai nasa hannun. Iyalinsa suka bar gidan ƙungiya da kayansu a ka. Shi kuma mai maganar babu wanda ya sake amsa sallamarsa a garin.

Mai Aski ya tambaye shi wanne ne nasa kwanon. Tsohon ya nuna wani mai shuɗin baki can gefe, bai sauko da shi ba.

"Ina abokin naka, Baba?"

"Ya rasu a gidan yari."

Tsohon ya daɗe yana goge hannunsa a riga. Sannan ya juyo da idonsa mai gani ya kafa wa Mai Aski, ya sake cewa a zamanin Mai Burodi ƙuri'a ake yi. Ya tsaya kamar mai jiran a tambaye shi wani abu. Amma Mai Aski ya riga ya sami abin da ya zo nema, ko kuma abin da yake so ya samu, sai ya yi sallama ya sauka.

A hanyar gida ya shirya maganar tsaf a ransa. Idan ya faɗa, wa za a fara kamawa? Wanda ya wanke mota. Ɗan Babban Jagora yana da uba da lauya, Direba kuwa daga shi sai ƙanwar nan da goyonta. Ashe shiru shi ne rufin asirin Direba, ko da shi Direban bai gane ba. Idan kuma ya zama jagora, ai sai ya fi samun bakin da zai gyara abin daga ciki, a hankali, ba tare da an tozarta kowa ba. Hujjojin nan ba na banza ba ne, shi ya sa suka zauna masa daidai. Sai dai a ƙarƙashinsu akwai farin ƙyalle, kuma duk lokacin da tunaninsa ya kusa zuwa wurin sai ya kauce. Bai gaya wa Direba ya canza shawara ba. Ya ce a ransa gara ya yi masa bayani bayan an gama.

Ranar rantsuwa zaure ya cika har waje. An share, an jera kujeru, an sauko da fitilar bene an ajiye a kan tebur. Matan 'yan ƙungiya suna gefe guda, Mai Aski ya hangi matarsa da ƙanwarsa sun sha kwalliya. A layin gaba baƙi ne na musamman, ciki har da babban ɗan sandan yankin, wanda aka gayyata ya zauna dab da tebur. Da Mai Aski ya gan shi sai ya ƙara gode wa Allah da shawarar da ya yanke.

Aka yi ta kira kwano-kwano. Da aka zo kansu suka tsaya gefe da gefe, Direba riƙe da kwanon a hannu biyu. Babban Jagora ya sa Mai Aski ya ɗora hannu a kan fitila, ya yi tambayar da murya mai kaiwa ƙarshen zaure.

"Ka ci kwano ɗaya da wannan mutum. Allah yana jinka, jama'a suna jinka. Ya faɗa maka wani abu?"

Ƙarfen fitilar da zafi. Mai Aski ya ji numfashin Direba a gefensa, bai juya ba.

"Bai faɗa mini komai ba."

Zaure ya ɗauki kabbara da tafi. Wani daga baya ya ce lallai horon nan gaskiya ne, tunda ya iya ɗinke wannan bakin, aka yi dariya. Aka yi wa Direba tambayar shi ma, ya amsa da muryar da sai na kusa ya ji. Aka ɗora wa Mai Aski ƙyalle, ya ji shi sakayau a kafaɗa, ba nauyi ko kaɗan. Da ya waiwaya don ya yi wa Direba alamar za su yi magana, sai ya ga Baba Tarihi yana zare kwanon daga hannun Direban da ƙyar, yatsun sun ƙi saki.

Bayanin da ya yi niyya bai samu yi ba. Washegari liyafa ce, jibi taron jagorori, kuma Direba bai ɗaga wayarsa ba. Kafin mako ya zagayo 'yan sanda suka je gareji da hantsi suka tafi da shi.

Labarin a shago ya iske Mai Aski, daga bakin masu zuwa aski, tunda yanzu su ke kawo masa. An ce ƙungiya da kanta ta kai rahoto, bayan ta yi bincike na cikin gida, domin ba ta ɓoye mai laifi ko nata ne. Mai gyaran jikin mota ya shaida cewa Direba ne ya kawo masa motar a lotse. Mai gadi ya ce makulli a hannun Direba yake kwana. Da aka matsa wa Direba sai ya ce ba shi ba ne, ɗan Babban Jagora ne, kuma yana da shaida, domin ya faɗa wa yayan matarsa tun kafin a zo kama shi. Babban ɗan sandan ya ce wannan kuma ba sai an wahalar da kowa ba. Yana wurin, da kunnensa ya ji yayan matar ya ɗora hannu a kan fitila ya rantse.

Mai Aski ya bar mutum da rabin aski ya haye bene. Matakala ta yi kukanta. Ya tsaya a gaban kanta, ga nasu nan a ƙarshen layi, sabo fil, a kife. Ya bi sauran da ido, na magini, na mai tsaron magani, da mai shuɗin bakin nan. Ya tuna yadda ya yi mamakin kiran Direba bene, sai yanzu ya ga ba don ya zama jagora aka kira shi ba. Mutumin da ya ɗauki irin wannan kaya dole wata rana ya sauke wa wani. To manya sukan zaɓa masa wanda zai sauke wa, su ba su kwano, su jira. Idan ya gama saukewa sai a rantsar da mai karɓar a gaban gari cewa bai ji komai ba. Shi kuma da aka zaɓa, an zaɓe shi ne don shi ne wanda Direba zai fi yarda da shi, kuma shi ne wanda ya fi kowa kallon ƙyallen nan. Kunya ta kama shi.

Baba Tarihi yana tsugune yana ƙara wa fitila mai. Bai ɗago ba. Ya ce ya faɗa masa maganar ƙuri'a har sau biyu, kamar yadda shi ma wani tsoho ya taɓa faɗa masa, kuma shi ma bai ji ba. Mai Aski ya ce zai je ofishin 'yan sanda yanzu-yanzu ya warware rantsuwar. Tsohon ya ce hanya a buɗe take. Sai dai ya tuna wa zai tsaya a gabansu: mutumin da gari ya sani da surutu, wanda ya rantse da Allah jiya ya zo yau ya ce ƙarya ya yi, don ya ceci mijin ƙanwarsa. Ya ce kuma manya sun riga sun yanke cewa ƙanwar za ta ci gaba da zama a gidan ƙungiya, za a riƙa kai mata abinci, muddin komai ya tafi lafiya.

Ya rufe kwalbar man, ya miƙe da ƙyar.

"Na tsufa, idona ya kusa tafiya. Manya sun ce aji mai zuwa kai za ka riƙa ba da tarihi. Sun ce kana da baki."

Mai Aski bai je ofishin 'yan sanda a ranar ba. Ya ce sai gobe, idan ya tattara hankalinsa. Goben ta zo ta wuce, masu gyaran rufi kuma suka zo suka fara da shagonsa.

Ranar gyaran fuskar Babban Jagora ta zagayo. Ya shigo kamar kullum, ya miƙa ƙyallensa, Mai Aski ya ninke ya ɗora a kan nasa. Ya yi jaje, ya ce jarrabawa ce, kuma ƙungiya ba za ta yar da iyalin ba. Aka shafa kumfa, ya kwantar da kai ya lumshe ido. Mai Aski ya wasa reza ya ɗora a ƙarƙashin haɓa, yana ganin jijiyar wuyan tana bugawa a hankali, ko a jikinta.

A nan ƙanwar ta shigo. Ba ta yi sallama ba. Goyo a baya, ido a kumbure, takalmin ma ba iri ɗaya ta sako ba. Daga wurin mijinta take. Ta ga wanda ke kan kujera, amma ba ta fasa ba.

"Yaya, ya ce ya faɗa maka. Ya ce in zo in tambaye ka, ba za ka yi mini ƙarya ba. Ya faɗa maka?"

Ita ce wadda ya goya tana ƙarama, wadda ya koya wa tsallaka titi. Masu rufi suka ci gaba da buga ƙusa a sama. Babban Jagora bai buɗe ido ba, bai ma janye wuyansa daga rezar ba. Mai Aski ya ji maganar ta taso masa tun daga ciki, cikakkiya, da gadar da tsintsiyar da ruwan kwata, ta zo har bayan haƙoransa ta tsaya. Abin da ya fito kuwa ya fito sumul, kamar ya shekara yana faɗarsa.

"Bai faɗa mini komai ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kalli fararen ƙyallaye biyu da ke ninke a kan tebur, ta gyara goyonta.

"To, Jagora," in ji ta, ta fita.

Babban Jagora ya ɗaga yatsa ya taɓa ƙarƙashin kunnensa, ya ce an bar ɗan gashi a nan. Mai Aski ya goge rezar a tsumma, ya sunkuya ya aske wurin.